Gireda ta tana ƙwace sitiyari ana tsakiyar aiki, ina neman shawara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na sayar da kasona na gonar gado, ni da ƙanin mahaifiyata muka haɗa kuɗi muka sayi gireda tokumbo, wadda ba ta da sitiyarin hannu sai sandunan sarrafawa biyu da direba ke tuƙa ta da su. Kawu bai so sayen ba tun farko, domin ra'ayinsa tifa ne, ni na matsa masa har ya yarda, kuma yanzu kullum sai ya kira ya tambaye ni lissafi. Mun samu aikin baje marmara a wata hanyar karkara, an ce a gama kafin damina ta sauka. Mako uku ke nan, da zarar injin ya hau wuri mai gargada sai jar fitila ta kama, ƙararrawa ta ɗauka, tayoyin gaba su ƙi bin sanda. Idan direba ya kashe ya sake tayarwa sai ta koma daidai. Na canja sandar hagu gaba ɗaya, ba ta daina ba. Yanzu wani makaniki ya ce zai haɗe wayar sensa, wato na'urar da ke auna motsi, domin ƙararrawar ta yi shiru. In bar shi?

Injiniyan manyan injuna:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari ya taɓa wayar nan. Ba ka faɗi samfurin ba, amma idan irin jerin M ne da Caterpillar ta fito da shi a 2007, sandar ba ta haɗe da tayoyi ta ƙarfe ko ta bututun mai. Akwai sensa uku a gindinta masu auna yadda direba ya karkatar da ita, su aika wa ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikai ke kira birenbos. Ita ce take ba solonoid, wato maganaɗisun lantarki, wuta ya buɗe bawul, man haidurolik ya tura silinda. A cikin silindar dama da ta hagu kuma akwai wasu sensa masu dawo da rahoton inda tayoyi suka tsaya. Ƙwaƙwalwar tana gwada abin da direba ya nema da abin da taya ta yi, tana kuma rage kaifin juyawa idan gudu ya ƙaru. Duk lokacin da rahotannin suka saɓa, sai ta ɗauka akwai haɗari ta yi gargaɗi. Wanda ya haɗe waya ya makantar da ita ke nan, alhali akwai mutum a kan injin da leburori a gefen hanya.

Tunda gargada ce ke tayar da matsalar, ina da yaƙinin waya ce ta goge ko soket ya saki a wajen silindar gaba. Ka kawo mana lambar da allon ya nuna. A lambar FMI, wato mai nuna irin matsalar, 3 na nufin wuta ta haura ƙima, 4 ta yi ƙasa, 8 siginar ta rikice, 13 kuma saiti ne ya ɓace.

Tsohon direba:
Ɗana, shekara ashirin da biyar na yi a kan gireda mai sitiyari da liba, ban taɓa jiran kwamfuta ba. Da aka kawo mana mai sanda a wani kamfani, irin wannan ta faru, maigidan ya ce ni na lalata, ya yanke mini albashin wata biyu, daga baya aka gano ɓera ne ya ci waya. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Waɗannan injuna ba su jure ƙurarmu da zafinmu. Ka sayar da ita tun tana motsi.

Mai gyaran haidurolik:
Ni ban yarda waya ce ba. Yaushe rabonka da canja mai da tacewa? Datti ƙanƙani ya isa ya riƙe bawul, taya ta makara, sensa kuwa gaskiya take faɗa.

Mai neman shawara:
Na gode. Baba, sayarwa ba ta taso ba, domin kuɗin ba nawa ni kaɗai ba ne. Sandar kuma ban canja ta da ka ba, mai kayan ya tabbatar mini cewa ita ce ke fara mutuwa. Mai an canja shi lokacin da muka saya. Lambar ban rubuta ba, direba ne ke gani. Abin da kawai aka yi kafin matsalar shi ne walda kaɗan a ƙarfen gaba, kuma mai waldar ƙwararre ne.

Injiniyan manyan injuna:
Malam, ai da wannan ya kamata ka fara. An kashe makunnin batir kafin waldar? A ina ya maƙala wayar as ɗinsa, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake yi wa walda? Idan ya maƙala ta nesa, wutar walda tana iya ratsawa ta silinda ta illata sensar da ke ciki, tartsatsi kuma yana ƙona rigar waya. Sannan sabuwar sanda tana buƙatar a yi mata saiti da kwamfuta. Ka tsayar da aikin yini ɗaya, ka kira mai kwamfuta ya karanta lambobin da aka adana, yana kallon siginar yayin da wani ke girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Mai gyaran haidurolik:
Injiniya, duk da haka a buɗe tacewar a duba, ba ta cin kuɗi.

Mai neman shawara:
Maganar batir ban sani ba, ba na wurin, amma mutumin nan ya daɗe yana yi mana aiki. Mai kwamfutar da na samu yana Kaduna, kuma kuɗin zuwansa ya kusa kai hayar kwana biyu. Idan direba ya riƙa tafiya a giya ta ɗaya kawai, ba za mu iya lallaɓawa har mu gama kilomita huɗun da suka rage ba?