Musayar waƙa: me ya hana Musulunci yaɗuwa a cikin gem?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da Civilization IV, tsohon gem ɗin nan na 2005 da ake gina gari da daula tun daga zamanin dutse. Ga waɗanda ba su taɓa bugawa ba, addinai bakwai ne a ciki kuma kowanne an ɗaure shi da wani mataki a tsanin bincike, duk wanda ya riga kowa taka matakin to a ƙasarsa addinin zai ɓullo. Na Buda da na Hindu suna ƙasan tsanin, Yahudanci na biye, shi kuwa Musulunci sai can sama, ba ka isa gare shi sai ka bi ta matakin da ke kawo Kiristanci. Daren jiya na ɗauki Salahuddin na Larabawa na ce yau sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Da sunan Allah zan fara,
Kukan da ke raina in tsara,
Ku matso kusa ku saurara,
Kan addinin da ya zo baya.

Na gina Makka da ganuwa,
Na ja hanya har bakin ruwa,
Na tara ilmi da kasuwa,
Ina jiran hasken duniya.

Kafin in kai ga matakina,
Buda ya cika maƙwabtana,
Hindu ya shige garuruwana,
Babu gurbi ko a kan hanya.

Mai wa'azi ɗaya aka ba ni,
Na tura shi wani babban birni,
Suka ce masa koma, sai wani ƙarni,
Ya ɓace bai samu ko mutum ɗaya.

Na Gwale:
Ɗan Fagge ƙanena bar kuka,
Barci ka yi damina ta sauka,
Mai son girbi da wuri yake shuka,
Ba a ɗora laifi kan fartanya.

Wanda ya riga ka kwanciya,
Shi ke riga ka tashi, gaskiya,
Ka tsaya gyaran ganuwa da rijiya,
Isabella ta gama da rabin duniya.

Isabella, sarauniyar Sipaniya ta cikin gem ɗin nake nufi. Kuma ai masu gem ɗin sun ji koken irinku, a ƙarin da suka fitar a 2007, Beyond the Sword, akwai wani akwati da za ka taɓa kafin a fara, duk wanda ya riga sai ya zaɓi addinin da yake so. Ka taɓa shi ka huta.

Auta Ɗorayi:
Kai! Yaya Na Gwale ka gama magana wallahi, fartanya ba ta da laifi. Allah ya ƙara basira.

Ɗan Fagge:
Yaya Na Gwale ban raina ka,
Amma wannan akwatin naka,
Tuwon jiya ne a kwanonka,
An sauya suna, ba a sauya miya.

In na zaɓe shi a zagayen fari,
Tun ba a san ƙarfe ba a gari,
Suna kawai na ɗaura wa tsari,
Ina Hijira, ina tarihin gaskiya?

Dokar ce matsalar yaya ba barcina ba. A Civ 4 addini yana bin hanyar ciniki da kansa amma garin da babu kowane addini kawai yake shiga, in an riga ka to sai dai ka tura mai wa'azi, shi ma yawan addinan da ke garin yawan yiwuwar ya faɗi, in ya faɗi kuma ya tafi kenan ba ya dawowa. Ga sarkin da ya kafa mulkin addini ɗaya ya rufe ƙofa ruf, kuma wannan tsarin yana buɗewa ne da matakin da ke kawo Kiristanci, wato kafin naka ya iso an riga an ƙera kwaɗon an rataya. Sannan sarakunan kwamfuta suna ƙawance da wanda suke addini ɗaya, kana sauyawa sai ka ga fuskokinsu sun murtuke a allon sulhu, wanda kuke musayar alkama da shi jiya yau ya tara maka dakaru a iyaka.

Anti 'Yar Gwammaja:
Ku biyun nan ku saurara.

Ku bar allo ku ɗaga kai ku kalli Dala,
Amsar tana nan cikin garin Kanawa.
Zamanin Yaji baƙi suka sauka,
Daga Mali, ana ce musu Wangarawa.
Ba fili suka tarar ba marar mai shi,
Tsumburbura na nan da masu bautawa.
Da dokar gem ɗinku ce ke mulki,
Da tun a ƙofar gari suke juyawa.
Sai ga liman, ga ladan na kiran salla,
Ga mai yanka, ga yara na karantawa.
Kafin Rumfa ya hau ya kafa Kurmi,
Saiwa ta kama, reshe na tohowa.

Yaji ya yi sarauta 1349 zuwa 1385, Rumfa 1463 zuwa 1499, a zamaninsa Almaghili ya zo Kano, ku lissafa tsakaninsu ku gani, abin ba dare ɗaya ba ne kuma ba a gari marar kowa ya faru ba. Shi gem ya ɗauki zuciyar mutum kamar kwano, in ya cika ya cika.

Almajirin Madabo:
Allah ya saka wa Anti da alheri, a unguwarmu Wangarawan suka zauna. Amma ni abin da ke damuna daban ne.

Shiriya ba a tsani take ba,
Ba bincike ne ya kawo ta ba,
Wahayi bai jira wani ya ci gaba,
Ku daina auna ta da mudun riba.

A cikin gem ɗin har Masjidul Haram ana ginawa don ya riƙa kawo zinare ɗaya a kan kowane garin da ke bin addinin. Ni na buga shi a da, ranar da na ga wannan lissafin na rufe kwamfutar ban sake komawa ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, maganarka a kaina take, kuma ba shiriya muke aunawa ba, yadda masu gem suka zana tarihi muke tuhuma. Su don kada su ɓata wa kowa rai sai suka mai da addinan bakwai bai ɗaya, amfaninsu ɗaya, bambancin kawai suna da tambari da lokacin zuwa. To nan gizo ke saƙar.

In ka ce duk ɗaya suke a awo,
Ba mai wani abin da ya fi ya kawo,
Sai wanda ya fara fitowa yawo,
Ya kwashe masu saye tun da safiya.

Mai Aruli na Yakasai:
Ku yi haƙuri in katse ku, tun farko nake ta haɗiye abin nan. Ɗan Fagge, "Da sunan Allah zan fara" gaɓa 8 ne, amma "Suka ce masa koma, sai wani ƙarni" gaɓa 12, a waƙa ɗaya fa.

Baitinka na tafe da ɗingishi,
Ƙafa guda ta fi guda, dube shi,
Kafin ka gyara gem da masu yin shi,
Gyara karinka ya hau kan hanya.

Na Gwale:
A'a, ƙanena ni kaɗai ke da ikon taɓa shi.

Mai Aruli ajiye ma'auninka,
Ba ƙirgen gaɓa ne aruli ba, duba littafinka,
Sassauƙa biyu nannauya ce, in gaya maka,
Koma gaban malam ka je ka biya.

Mai Aruli na Yakasai:
Na san wannan tun kafin ka fara riƙe waya Na Gwale, a irin su Kamil da Mutadarak ake wannan musanyar, to gaya min a wane kari ƙanen naka ya hau? Ko ka musanya ɗangon bai zauna ba, ka rera shi da baki ka ji inda numfashi ke yanke maka. Kai ma ɗangonka na biyu ya fi jirgin ƙasa tsawo.

Auta Ɗorayi:
Kullum sai an kai tsakiyar daɗi Mai Aruli zai zo da sikeli. Ni dai ina bayan Yaya Na Gwale ko ɗangonsa ya kai Zariya.

Anti 'Yar Gwammaja:
Mawaƙanmu na baka nawa ne suka san Mutadarak? Kalangu da kotso ne ma'auninsu kuma ba wanda ya ce sun yi ɗingishi.

Mai Aruli na Yakasai:
Anti da girmanki, mai kalangu yana da kiɗan da zai rufa masa asiri, ya ja gaɓa ya haɗiye wata. Mu nan rubutu ne tsirara, abin da ka ajiye shi za a gani.

Auta Ɗorayi:
To kai ma "dube shi" da "yin shi" ai kalma ɗaya ka maimaita ka kira ta amsa-amo.

Mai Aruli na Yakasai:
Wannan ka kama ni Auta, na karɓa. Amma bai wanke gaɓa 12 ba.

Bazazzagin Sabon Gari:
Tun shekaranjiya nake son shigowa, ba wuta a layinmu waya ta mutu, na zo na tarar kun bar gem kuna dambe.

Kanawa kuna ta ƙirga gaɓa,
Mu Zazzau tuni mun yi gaba,
Amina ta hau na bakwai ba tababa,
Ina naku sarkin a jerin duniya?

Civilization VII na 2025 nake nufi, ku je ku duba jerin shugabanni, Sarauniya Amina na nan.

Auta Ɗorayi:
Bazazzagi zauna mu gaya maka,
Kano ko da me ka zo an fi ka,
A Sabon Garinmu ka kafa shagonka,
Ka ci ka ƙoshi ka ce mana Zariya.

Na Gwale:
Auta ka biya ni! Amma mu koma kan magana. Ƙanena, sababbin ai sun gyara, tun Gods & Kings, ƙarin Civ 5 na 2012, an cire addini daga tsanin bincike, maki kake tarawa ka kafa wanda kake so, a Civ 6 na 2016 ma Larabawa an ba su tabbacin gurbin ƙarshe ko ba su yi tsere ba.

Ɗan Fagge:
Gurbin ƙarshe fa ka ce yaya. Kowane addini yana zaɓar fa'idodinsa daga tukunya ɗaya kuma abin da wani ya ɗauka ya ɗauku, na ƙarshe ƙanzo yake tararwa.

Sun ba ni kujera a walima,
Bayan an cinye kaza da nama,
An ce zauna mun yi maka karama,
Ga ƙashi nan, ga sauran miya.

Anti 'Yar Gwammaja:
Wannan baitin ya zauna ko Mai Aruli bai so ba. Abin da na ce ku lura da shi, Hijira 622, yaƙin Yarmuk 636, an tsallaka Andalus 711, ko shekara 100 ba a yi ba, kuma duk ƙasashen nan cike suke da addinai tsofaffi. Amma kar wani ya ce takobi ne ya yi aikin, Masar ta shafe ƙarnuka a ƙarƙashin mulkin Musulmi kafin yawancin mutanenta su musulunta, Indonesiya kuwa da ta fi kowace ƙasa tarin Musulmi shekaru da shekaru ba rundunar Larabawa da ta je, jiragen fatake ne.

Bafatake ya sauka da kaya da carbi,
Ya auna daidai bai yi tauyewa.
Ya ba da bashi ya rubuta a takarda,
Ya auri 'yar gari ya yi zaunawa.
Ɗansa ya tashi da allo a hannu,
Wannan gem bai san yadda ake ƙirgawa.

Almajirin Madabo:
Anti ta faɗi abin da ya sa na kasa barin zauren duk da na bar gem ɗin. Amana da rubutu da alƙali da hanyar Hajji, ina maɓallinsu a kibod?

Ɗan Fagge:
Kwana biyu ban leƙo ba, na koma ne na bi hanyar Anti. Na bar yaƙi, na buɗe iyaka da Mali, na gina makarantar addini da wuri tunda in bincike ya kai matakin kimiyya ba a ƙara gina ta, na fitar da masu wa'azi uku.

Na koma jiya na sake shiri,
Na bi fatake gari gari,
Na tura uku cikin ayari,
Timbuktu suka nufa da safiya.

Biyu sun faɗi, ɗaya ya shiga,
Na kasa zaune ina ta zirga-zirga,
Jinjirin wata ne abin da na hanga,
A kan birnin Musa yana walƙiya.

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, ɗan tambarin nan ƙarami kusa da sunan garin, na matso da fuskata jikin allo ina kallo fanka na ta juyawa a kaina. Mansa Musa sarkin Mali, mutumin da a tarihi ya ratsa Alƙahira zuwa Hajji a 1324, a gem sai da na yi asarar mutum biyu kafin in kai masa. Bayan wasu zagaye ya karɓa ya mai da shi addinin ƙasa, amma har na kashe kwamfutar garuruwa shida ne kacal a duk taswirar, Buda na da sama da ashirin.

Bazazzagin Sabon Gari:
Da Amina ka ɗauka da tuni ka gama.

Auta Ɗorayi:
Amina ba ta cikin na huɗu malam, ka karanta daga sama.

Mai Aruli na Yakasai:
Ɗan Fagge baitin farko ya tafi sumul, na rera shi sau biyu ban yi tuntuɓe ba. Na biyun ne, "Na kasa zaune ina ta zirga-zirga" ya sake kai 12 alhali na samansa 10 ne. Ka mai da shi "Na kasa zama, sai zirga-zirga" ka rera ka ji, in bai yi maka ba ka dawo mu sake dubawa.