Mai cike min takardun haraji ya yi kuskure, wa zai biya?

Ɗan Tahoua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ku taimaka min da shawara. Ina Bronx a birnin New York, da rana ina aiki a wani sito, da dare kuma ina ɗan taɓa Uber. Bara na kai takarduna wajen wani mai cike haraji a unguwarmu, na ba shi W-2 (takardar albashina ta sito) da 1099 (takardar kuɗin da na samu a Uber) duka a ambulan ɗaya, na biya shi dala 250, ya nuna min inda zan sa hannu na sa. To jiya sai ga wasiƙa daga IRS, hukumar harajin Amurka, an rubuta CP2000 a samanta, wai kuɗin tuƙin bai shiga lissafi ba kwata-kwata, suna bina haraji da kuɗin ruwa da tara. Na kira mutumin ya ce wai ban ba shi takardar ba, wallahi na ba shi. Ba shi ya kamata ya biya ba tunda shi ya ɓata aikin?

Alhajin Harlem:
Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri ƙanena, amma IRS kai suka sani. Sa hannun nan da ka yi rantsuwa ce cewa ka duba komai daidai yake, kuma harajin da ma naka ne ko da bai yi kuskure ba sai ka biya shi. Amma kar hankalinka ya tashi, CP2000 ba hukuncin ƙarshe ba ne, lissafinsu ne suka turo ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba, yawanci kwana 30 suke bayarwa, ka duba ranar tana jiki. Kuma su kuɗin da ya shigo kawai suka gani, ba su san milolin da ka yi ba, ba su san kason da kamfani ya cire ba, in ka cike Schedule C, fom ɗin masu sana'ar kansu, ka sa waɗannan ka tura da amsarka za ka ga kuɗin ya sauka sosai. Kar dai ka jefa wasiƙar a durowa, shi ne yake kashe mutanenmu.

Maman Ilham:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ƙari na, tarar nan ta kashi 20 cikin ɗari na harajin da ba ka biya ba, kana iya roƙon a cire maka in ka nuna ka ba shi komai, duk da za su iya ce maka me ya hana ka karanta kafin ka sa hannu. Kuɗin ruwa kam da wuya su yafe. Shi ma fa bai tsira ba, doka ta ce duk mai cike wa mutane haraji don kuɗi sai ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta rajista da IRS, wato PTIN, kuma IRS na cin irinsu tara, sai dai aljihun gwamnati take shiga ba naka ba. Duba ƙasan shafi na biyu na 1040 ɗinka, wato babban fom ɗin harajin da ya cike maka, akwai sunansa?

Ɗan Tahoua:
Hajiya na duba yanzu, babu sunansa babu lamba, an rubuta kamar ni na cike da kaina. Innalillahi. Amma na samu hoton 1099 ɗin da na tura masa ta WhatsApp tun kafin in je, da kwanan wata.

Maman Ilham:
To ka riƙe hoton nan da kyau, da rasit in ya ba ka. Ɓoye sunansa da ya yi laifi ne mai zaman kansa, ka cike fom 14157 ka kai ƙararsa IRS, don na tabbata ba kai kaɗai ya yi wa haka ba a unguwar nan. Sannan ka rubuta masa ya dawo maka da dala 250 ɗinka da kuɗin tarar, in ya ƙi akwai kotun ƙananan ƙararraki, a birnin New York har dala 10,000 take saurara kuma ba sai da lauya ba. Amma fara da amsa wasiƙar, ka nemi ofishin LITC mafi kusa, suna taimakon masu ƙaramin ƙarfi da ke da matsala da IRS kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan.

Alhajin Harlem:
Ka duba na shekarun baya ma in shi ya cike maka. Kuma in IRS suka gyara na tarayya, jihar New York ma za ta biyo da nata, gara ka riga su. Allah Ya rufa asiri.