Musayar baitoci: Edith Piaf da fim ɗin rayuwarta

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan zaure. Duk wanda ya kalli *La Vie en Rose*, fim ɗin da Olivier Dahan ya fitar a 2007 kan rayuwar mawaƙiyar Faransa Edith Piaf, ya matso kusa. Na ɗora harsashi da ƙwar biyu. A amsa da baiti, ban da dogon turanci.

A Disambar 1915 ta faɗo duniya,
Belleville ta Paris, unguwar masu yunwa.

Uwa na waƙa a titi don 'yan kwabbai,
Ta bar ta cikin dauɗa, babu waiwayowa.

Uba mai wasan lanƙwasa jiki ne,
Ya kai wa tsohuwarsa ita don kulawa.

Gidan da kakar ke riƙe da shi a Bernay,
Gidan karuwai ne, ba abin ɓoyewa.

Su suka yi mata wanka, su suka yi goyo,
Matan da gari ke zagi da tsinewa.

Ciwon ido ya rufe ta ruf tana ƙarama,
Suka kai ta Lisieux neman warkewa.

Ido ya buɗe, uba ya dawo ya ja ta,
Yana wasa a titi, hula na zagayawa.

Ni dai hawaye sun zubo, ku gafarce ni,
Wa zai ga wannan ya iya daurewa?

'Yar Damagaram:
Malam, mu nan Nijar da muka yi boko da Faransanci, muryar nan ba baƙuwarmu ba ce. Bari in ɗora a kan amsa-amonka.

Malam, ka tsaya ne a bakin ƙofa,
Cikin gidan ke da abin dubawa.

A 1935 Louis Leplée, mai gidan rawa,
Ya ji ta a titi, ya kasa wucewa.

Ya raɗa mata Piaf, wato gwara,
'Yar mitsitsiya, murya ba ta gazawa.

Shekara ba ta zagayo ba aka harbe shi,
'Yan sanda suka ja ta suna tuhumawa.

An sake ta, amma jaridu sun ɓata suna,
Marubucin waƙa Raymond Asso ya zo da horon gyarawa.

Buɗe baki, fito da kowane harafi,
Hannuwa su yi zance, ban da daskarewa.

Marion Cotillard da ta fito a Piaf, sai jinjina,
Ta aske gira, gashin goshi har da ragewa.

Doguwar mace ta ranƙwafa ta zama guntuwa,
Oscar ta 2008 ita ta yi nasarar ɗaukewa.

Autan Zaure:
Anti, tambaya ɗaya daga ƙaninki,
Cotillard ce da kanta ke rerawa?

'Yar Damagaram:
Auta, yawanci muryar Piaf ce ta faifai,
Ita leɓe da numfashi take daidaitawa.

Baba Mai Rediyo:
Kun cika zaure da yabo. Ni na sauya amsa-amo, don abin da ke bakina duk "ba" ne.

'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsoho,
Ni wannan fim bai gamsar da ni ba.

Yanzu tana goma, yanzu ta tsufa,
Tsalle yake kamar fara, bai zauna ba.

Ina 1940? Ina Jamusawa?
Sun mamaye Paris, fim bai nuna ba.

Shekara huɗu suna riƙe da birnin,
Ita ko waƙarta ba ta daina ba.

Har Jamus ta je ta rera wa fursunoni,
Sojan Faransa da ba a sako ba.

Da aka kori baƙi, aka kira ta bincike,
Aka duba, ba a kama ta da laifi ba.

To wannan ba labari ba ne, jama'a?
Ko don ba zai sa ku share ido ba?

Darakta ya tsince kuka ya tara,
Inda tambaya take, bai leƙa ba.

Ɗan Dambe:
Baba, a gafarce ni in sa baki,
Ni ba ruwana da zancen yaƙi,
Marcel Cerdan ne ya ba ni mamaki,
Ɗan damben da aka haifa a Aljeriya.

A 1948 ya shiga fage,
Tony Zale ya daure ya dage,
Har ƙarfinsa ya bi ya rage,
Cerdan ya ɗau kambun duniya.

Masoyiyarsa Piaf na New York, kewa ta dame ta,
Ta ce ya bar jirgin ruwa don ita,
Ya hau na sama ya zo ya same ta,
Oktoban 1949 ya kama hanya.

Jirgi ya daki dutse a Azores da dare,
Mutum 48 suka tafi tare,
Ajali bai bar ko ɗaya a ware,
Ita tana can, ba ta da masaniya.

A fim ta farka ta gan shi a ɗaki,
Ta tashi haɗa kofi tana ɗoki,
'Yan gida sun yi cirko-cirko, ba baki,
Can ta juya ta fuskanci gaskiya.

Kyamara ba ta yanke ba ko kaɗan,
Tana bin ta lungu-lungu na gidan,
Tana kururuwar kiran Cerdan,
Sai ga ta kan dandali, babu ja da baya.

Baba, wanda ya tsara wannan wurin, ko ya tsallake yaƙi goma na yafe masa.

Hajiya Uwar Biyu:
Kai ka yafe, ni ban yafe ba.

Ɗana, ka zuba soyayya har ta yi ambaliya,
Matar Cerdan na Casablanca da yara.

Ba wanda ya tambayi nata kukan,
Don ita ba ta da muryar gwara.

Amma abin da ya tsaya mini a rai,
Marcelle ce, da ita ya kamata a fara.

Edith na sha bakwai ta haife ta,
A 1933, ana tsakiyar fatara.

Shekara biyu, sanƙarau ya ɗauke ta,
Uwar ba ta kai ashirin ba, ku lura.

Fim ya ɓoye ta sai kan gadon mutuwa,
Awa biyu ana ta giya da allura.

Mu da muka san zafin binne ɗa,
Mun san shi ke gaba, sannan saura.

'Yar Damagaram:
Hajiya, Allah ya jiƙan naki, ya sa mai ceto ne. Amma ni a nan na ga gwanintar darakta, kuma amsar Baba ma tana ciki.

Mai gargara ba ya bin kalanda,
Abin da ya faɗo masa shi yake tunawa.

Ciwon da ya fi kowanne zurfi,
Shi zuciya ke ta jinkirtawa.

Tsallen da Baba ya gani yana faɗa,
Cikin kanta aka sa mu muna zagayawa.

Allurar ma ba shagali ya kawo ta ba,
Haɗarin mota na 1951 ne mafarin sabawa.

An ba ta mofin don zogin karaya,
Ƙashi ya ɗoru, maganin ya ƙi rabuwa.

Ga sanyin ƙashi ya murɗe yatsu,
Tana hawa dandali tana faɗuwa.

Disambar 1960, zauren Olympia,
Ana ta raɗa ba ta iya tsayuwa.

Ta fito da baƙar rigarta da waƙar Charles Dumont,
Ta ce ba abin da take nadamar aikatawa.

Baba Mai Rediyo:
Yarinya, kin iya kare gwaninki. To mai gargarar ta tuna kofi, ta manta sojan Hitler a ƙofar gida?

Na yarda Cotillard ta ci guminta,
Amma bashin yaƙi ba a biya ni ba.

Ta rasu 10 ga Oktoban 1963,
Shekara 47, hamsin ba ta gani ba.

Babban limamin Paris ya hana addu'ar coci,
Wai zaman da ta yi bai dace ba.

Dubban mutane suka cika maƙabartar Père Lachaise,
Ba su tsaya neman izininsa ba.

Mace mai taurin kai irin wannan,
Kuna ta "Allah sarki", ita ba ta roƙa ba.

Mai Alƙalami:
Baba, da ni kake, na ji saƙo,
Hawayena dai ba na janyewa.

Tunda yaƙin ne ya tsaya maka a wuya,
Buɗe mana sabon shafi, mu zo mu yi karawa.

Baba Mai Rediyo:
Zan buɗe bayan isha'i, ku zo da shiri,
Ɗan Dambe kuma ya karanto tarihi, ba naushi ba.