Me za mu kira "environmental art" da Hausa?

Ɗan Nima: Salamu alaikum, jama'a. Muna shirya baje kolin aikin yaran zango, kuma da Hausa za a yi sanarwa. Rabin aikin hotunan kifaye ne da ƙaguwa da kunkurun teku. Wannan ba wuya, zanen halittun teku ne, kowa ya gane. Ɗaya rabin ne ya gagare ni, wato abin da Turawa ke kira "environmental art". Misali, wata yarinya ta zana kunkurun teku a kan allon katako, sannan ta ɗaure wuyansa da tsohuwar koma ta gaske da ta tsinto a bakin tekun Chorkor, nan Accra ta Ghana, ledojin fiya wata suna reto a jikinta, har da yashi a cikin wasu. Na rubuta "zanen muhalli". Ya yi?

'Yar Maamobi: Bai yi ba, Yaya. In ka ce muhalli, tsohuwata gida take ji. Lokacin ambaliyar Accra ta Yunin 2015 ai cewa aka yi mutane sun rasa muhallansu. Kana faɗin "zanen muhalli" za ta ɗauka magina ne za su nuna zanen gidaje. Kuma ba duka ne zane ba. Ka dubi mai irin wannan aiki Serge Attukwei Clottey, ɗan unguwar La a Accra. Galan ɗin nan rawaya da muke kira galan Kufuor yake aiki da shi, wanda asalinsa na man girki ne, muka mai da shi na ɗiban ruwa lokacin da famfo ya ƙafe a zamanin mulkin shugaban ƙasa John Kufuor, tsakanin 2001 da 2009. Yana yanka shi ƙanana-ƙanana, ya huda kusurwoyin, ya ɗinke su da wayar jan ƙarfe, ya zama shimfiɗa wadda har titunan unguwarsu ya taɓa lulluɓewa da ita. Ina zane a nan? Shi ma da bai sami sunan da ya dace ba, ƙirƙiro nasa ya yi, Afrogallonism.

Ɗan Aboabo: Ni daga Kumasi nake bin ku. Ku daina wahalar da kanku, ku ce "ƙirar bola". Da shara ake yi, ko ba haka ba?

'Yar Maamobi: Haba Ɗan Aboabo! Wane uba ne zai bar 'yarsa ta je baje kolin bola?

Malamin Sabon Zango: Barkanku da wannan muhawara. Ban da abin da 'yata ta faɗa, "ƙirar bola" tana da wani aibi. Ta kama kayan aiki, ta saki manufa. Ga El Anatsui, haifaffen Anyako a yankin Volta, wanda ya yi karatu a Kumasi, ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka a Najeriya. Da murafan kwalaben giya yake haɗa manyan labulensa, har ya rataye su a Tate Modern, gidan baje koli na Landan, a 2023. Kayan da aka zubar ne, babu shakka, amma zancensa ya fi karkata ga tarihi, yadda giya ta shigo gaɓar nan a cinikin da ya haɗa da bayi. Haka Ibrahim Mahama na Tamale da tsofaffin buhunan koko da gawayi, shi maganar fatauci da gumin leburori yake yi. A ɗaya gefen kuma, mutum zai iya sayen sabon fenti da sabon ƙyalle, ya zana yadda tsummokaran gwanjon kasuwar Kantamanto ke bin ruwa, su fita teku ta bakin tafkin Korle, su murɗe kamar igiya a yashin Jamestown. Bai taɓa shara da hannunsa ba, amma aikinsa ne ainihin abin da Ɗan Nima ke nema wa suna.

Mu Hausawa da manufa muke raba waƙa: waƙar yabo, waƙar wa'azi, waƙar zambo. Ba ma cewa waƙar kalangu ce kawai mu yi shiru. Don haka sai a sa manufar a cikin sunan. Ni "kishin muhalli" nake gani. Da zarar kishi ya shiga, muhallin ya tashi daga ɗaki da falo, domin mun saba da kishin ƙasa da kishin zango, mun san abu ne na kowa.

Ɗan Nima: Allah ya ƙara sani, Malam. Saura kalmar gaba. Zane ya yi kaɗan, ƙira kuma maƙeri take tunowa. In ce fasaha?

Ɗan Aboabo: Fasaha 'yan kwamfuta sun ƙwace ta. Kimiyya da fasaha, fasahar zamani. Za a zaci injin tace ruwa za ku nuna.

Malamin Sabon Zango: Aro suka yi, ba su saya ba. Tun kafin kwamfuta ake ce wa mawaƙi fasihi, ake cewa maɗinki ya nuna fasaha a wuyan riga. Kuma inji ba ya kishi, saboda haka wanda ya ji kalmomin a jere ba zai ɓata ba.

'Yar Maamobi: Na bi Malam, amma da sharaɗi. "Fasahar kishin muhalli" ta zama babban suna. A ƙarƙashinta, in da buroshi aka yi a ce zanen kishin muhalli, in haɗawa aka yi da ɗinki ko ƙusa a ce haɗin kishin muhalli. Kuma kada a cusa kowane hoton kifi a ciki. Masuntan Jamestown sun daɗe suna yi wa kwale-kwalensu fenti da tutoci da karin magana, a Teshie kuma tun zamanin kafinta Kane Kwei ake sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi don masunci. Waɗannan ado ne da girmamawa, ba jan kunne ba.

Ɗan Aboabo: Ya yi tsawo dai. A bakin mai sanarwa zai koma "kishin muhalli" kawai, ku rubuta ku ajiye.

Ɗan Nima: In ya koma hakan ma ba a yi asara ba. Ga yadda zan ba mai sanarwa: "Baje kolin zanen halittun teku da fasahar kishin muhalli, aikin yaran zango." Kunkurun yarinyar nan zan sa masa takarda a ƙasa, haɗin kishin muhalli. Mai buga fosta yana jira, yau zan tura masa.