Shin "living over the brush" daga tsallake tsintsiya ya samo asali?

Malamin Turanci: A arewacin Ingila, namiji da mace da ke zaman dadiro ana cewa suna "living over the brush", wato zama bisa tsintsiya. Asalinsa a fili yake. Talakawan da ke son kauce wa coci sukan gicciye tsintsiya a bakin ƙofa, ango ya tsallake, amarya ta bi baya, gaban shaidu. Wanda ya taɓa ta, aure bai ɗauru ba. Wani mai binciken al'adun gargajiya, Gwenith Gwynn, ya bayyana haka a 1928, game da kwarin Ceiriog na Wales.

Barista: Malam, nan gizo ke saƙar. Farfesa Rebecca Probert ta bi diddigin wannan labari, ta tarar tsofaffin da aka dogara da su ji suka yi, ba gani ba. Kuma daga 1754, da dokar aure ta Hardwicke ta fara aiki, har zuwa 1837, aure a Ingila da Wales ba ya ɗauruwa sai a coci, bayan shela Lahadi uku a jere ko takardar izini, da shaidu biyu, a kuma rubuta a rajista. Yahudawa da Kwekas (wata ɗarikar Kiristoci) da gidan sarauta kaɗai aka ware. A wancan lokaci, ko sau goma aka tsallake tsintsiya, kotu ba ta san da aure ba, 'ya'yan kuma ba su da gadon halal.

Malamin Turanci: To Barista, ina za ka kai Dickens? A littafinsa Great Expectations na 1861 an ce an aurar da wata mata "over the broomstick", wato bisa sandar tsintsiya.

Mai fassara: Yallaɓai, karanta jimlar duka. Mai maganar ya ƙara da "kamar yadda muke cewa". Ke nan salon magana ne. A Turancin wancan zamani, "broomstick" kan nufin abin jabu. Shi ya sa masu adawa da dokar 1836, wadda ta halatta ɗaurin aure a ofishin rajista, suka yi mata laƙabi da dokar auren tsintsiya, alhali ba tsintsiya ko ɗaya a ciki.

Ɗalibar tarihi: Kada dai a share al'adar gaba ɗaya, Malam. Bayi a kudancin Amurka, da doka ba ta san aurensu ba, sun tsallake tsintsiya, kuma tsofaffinsu sun faɗa da bakinsu a hirarrakin da aka tattara a shekarun 1930.

Barista: Haka ne, Malama, amma can aure suke nufi, ba dadiro ba. Sai Malam ya kawo mana shaidar gani da ido ko ɗaya daga Lankasha ta arewacin Ingila kafin 1800.