Famfon mai biyu a mota mai tobo: su tashi tare ko na biyu ya jira?

Mai mota, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Na sa wa motata tobo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, da manyan nozul masu fesa mai, kuma za a saka mata famfon mai samfurin Walbro 255 guda biyu a cikin tanki. Mai aikin ya ce a haɗa su a waya ɗaya su riƙa tashi tare, wai duk wata dabara bayan wannan asarar kuɗi ce. Me masana suka gani?

Riwaya, Panteka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yarda su tashi tare, amma ban yarda da waya ɗaya ba. Kowane famfo yana jan wuta kimanin amp 10, alhali wayar da motar ta zo da ita an yi ta ne domin famfo ɗaya, saboda haka za ta yi zafi, wuta ta ragu, famfunan kuma su rage ƙarfi. A ba kowanne rile nasa, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da fis nasa kusa da batir, da waya mai kauri. Ƙafar rile ta 30 ta ɗauko wuta daga batir, ta 87 ta kai wa famfo, ta 85 da ta 86 kuma su karɓi umarni daga birenbos, wato kwamfutar inji.

Injiniya, Kakuri: Oga, maganar rile da fis babu ja a kanta. Inda muka rabu shi ne tashinsu tare. Famfunan nan biyu suna iya tura lita 510 a awa ɗaya, inji kuwa yana silo a cunkoson Ahmadu Bello Way cikin zafin Afrilu ba ya shan ko kaɗan daga ciki, don haka sauran man yana ta zagayawa yana komawa tanki da zafinsa. Idan regileta mai daidaita ƙarfin mai ƙarama ce, ba za ta iya mayar da shi duka ba, ƙarfin mai ya haura 3 da ake so a ma'aunin bar, motar ta riƙa shan mai tana hayaƙi. Na biyun ya jira har sai iskar tobo ta yi ƙarfi, makunnin da ke jin iskar ko birenbos ya tashe shi, kuma a sa bawul mai hana mai komawa ta bakin wanda ke kwance.

Riwaya: Injiniya, abin da nake tsoro shi ne ranar da makunnin zai ƙi aiki. Alhaji yana kan hanyar Zariya ya take totur zai wuce tirela, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, fistin ya narke.

Injiniya: Haɗarin nan yana nan ko da tare suke tashi, domin idan ɗaya ya mutu, ɗayan zai riƙe motar a cikin gari ba tare da kowa ya lura ba. Maganinsa agogon ƙarfin mai ne a gaban direba, da saitin da zai rage iskar tobo idan ƙarfin ya faɗi.

Bakanike, Kawo: To, me zai hana a sa makunni a dashbod, Alhaji ya kunna da hannunsa?

Riwaya: A'a, Malam, wannan kam ba zan taɓa haɗa shi ba. Birenbos yana tashin famfo na kimanin daƙiƙa 2 idan an murɗa makulli, kuma yana kashe shi da zarar inji ya tsaya. Idan aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, bututu ya fashe, makunnin hannu zai bar famfo yana feshin fetur.

Mai mota: Na gode. Rile biyu da fis biyu dai sun tabbata. Injiniya, gobe zan kawo motar Kakuri ka auna ƙarfin man a silo da famfo ɗaya, sannan da biyu, kafin mu yanke sauran.