Ina shirin komawa ƙauye da iyali, amma haihuwar maiɗakina ta faɗo tsakiyar damina

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga mazauna ƙananan ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, waɗanda damina da rani duk a can suke yin su.

Ni tela ne, shekarata 14 ina haya a Tudun Wadan Zariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 al'amura suka tsaya mini. Kuɗin haya ya hau, janareta ya gagare ni, ɗinki kuma sai salla ta gabato. Bara mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar gida da gona a ƙauyenmu da ke ƙasar Kudan, can bayan Hunkuyi. Inna tana can daga ita sai ƙanwarmu. Zuciyata ta riga ta koma gida.

Garin namu ɗan mitsitsi ne, na ƙirga da kaina, gida 37. Sallar Juma'a ma sai mun je garin da ke gaba. Wutar lantarki babu. Waya ba ta shiga sai ka hau tudun da ke bayan masallaci. Makaranta aji biyu ce, malami ɗaya, shi ma daga wani gari yake zuwa a babur. Famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya ne kuma ya lalace, rijiyoyi kuwa daga Maris suke fara ƙafewa.

Duk wannan zan iya jurewa, a ciki na tashi. Abin da ke hana ni barci shi ne maiɗakina tana da juna biyu, kuma lissafin asibiti ya faɗa a watan Agusta. Tsakaninmu da kwalta akwai rafi, kwalbatin da ke kansa ya karye. In aka yi ruwa mai ƙarfi babur ba ya ƙetarewa, sai an zauna an jira ruwan ya janye. A bakin wannan rafin aka kwana da matar ɗan baffana tana naƙuda. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, jaririn bai zo da rai ba. Ina cikin waɗanda suka riƙe fitila a daren, har yau ban manta ba.

To ya kuke yi? In kwashe su mu tafi kafin shuka, ko in jira?

Malamar Asibitin Karkara:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sauki maiɗakinka lafiya. Na yi shekara 9 ina aiki a ƙaramin asibiti a wajen Soba, don haka ba zan ɓoye maka ba: kada watan haihuwarta ya same ta a bayan wannan rafin. Kai ka tafi ka yi shuka, ita ta zauna a Zariya wurin 'yan uwa, ko kuma ka dawo da ita tun watan tara bai kama ba.

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. Ungozoma komai ƙwarewarta, kuma ina girmama su domin da su muka yi aiki, ba ta da jinin da za ta ƙara, ba ta yin tiyata. A Zariya kuwa ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na ABU a Shika. Tun yanzu ka san rukunin jininta, ka kuma yi magana da mutum biyu cikin dangi da za su ba da jini in buƙata ta taso. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, jijjiga, ko ganin jini kafin naƙuda, duk ba na jiran gari ya waye ba ne.

Bayan ta haihu kun koma, ka nemi asibitin mazaɓarku. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma tsarin shi ne kowace mazaɓa ta sami asibitin matakin farko guda. Ka je da ƙafarka ka tambaya ko ana kwana a wurin, ka karɓi lambar ma'aikaciyar, ka ji ranar rigakafi. Allurar tana buƙatar sanyi, shi ya sa a ƙauye ake ware mata rana. Akwai ta ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sannan ta ƙyanda a wata 9. Katin nan ku adana shi a leda. In masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka zo gida-gida da damina, ku karɓa wa yaran da ba su kai shekara 5 ba, a kuma kwana cikin gidan sauro.

Dattijon Ƙasar Giwa:

Ɗana, maganar Malama gaskiya ce, ka riƙe ta. Amma ka koma gida, kada tsoro ya sa ka bar mahaifiyarka da gona.

Zancen famfo nake son in ja hankalinka a kai, don mu ma namu ya taɓa yin shekara biyu a mace. Muna ta jiran waɗanda suka haƙa su dawo, mata suna ta ɗibar ruwan rafi, yara suna gudawa. Da muka gaji muka kira mai gyara, ya zaro bututun, ashe robar da ke can ƙasa ce ta cinye, sai sanda ɗaya da ta yi tsatsa. Kafin la'asar ruwa ya fito. Tun daga ranar muka kafa doka: da kaka kowane gida ya kawo tiya biyu ta masara, a tara a ɗakin liman, a sayar da bazara lokacin da ta yi daraja. Kuɗin na famfo ne kaɗai, ba a ranta wa kowa ko da biki ko suna. Mun sa mata biyu cikin masu riƙon lissafi, domin su ne ke fara jin famfo ya yi nauyi.

Kwalbati ya fi ƙarfin gida 37, amma gayya tana rage ɓarna. Kafin ruwa ya sauka ku cika buhuna da yashi, ku zuba marmara a bakin gaɓar. Takardar koke kuma ta bi hanyarta, daga mai unguwa zuwa dagaci, kwafi ɗaya ga kansila, ku riƙa bibiya.

Sai dai ka kula da yadda za ka shiga. Kada ka isa yau gobe ka tara mutane kana faɗa musu abin da ya kamata. Ka fara da gaisuwa, ka je jana'iza, ka fita gayyar wasu. In ka kawo shawara, ka kai wa mai unguwa a keɓe, ta fito daga bakinsa.

Iri kuma ka shiga Samaru kafin ka tafi, ka nemi masarar SAMMAZ ta Cibiyar Binciken Aikin Gona. Taki ka saya da wuri, kada ka bari sai Yuni.

Mai Shagon Caji:

Yaya, kada ka sayar da keken ɗinkinka na ƙafa. Mu a garinmu kayan makaranta da na salla har Hunkuyi ake kai su, ka ga aiki na jiranka. Ka sayi farantin sola da batir, za ka sami fitilar ɗinkin dare, ka kuma riƙa yi wa mutane caji. Ka riƙa ajiye tsabar kuɗi kaɗan a gida, mun ga abin da ya faru lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, mai POS ma rasa su ya yi. Ranar Laraba in ka shiga kasuwar Maƙarfi sai ka haɗo zare da yadi gaba ɗaya. Ka kuma sami lambar 'yan acaɓa biyu da suke kwana a tsallaken rafin, ta ɓangaren kwalta.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa maiɗakina duka. Da farko ba ta so ba, ta ce ba za ta bar Inna da aikin gida da damina ba. Inna ce da kanta ta kira ta a waya, ta hau tudun nan da tsufanta, ta ce mata ta zauna a gidan yayarta a Tudun Jukun har a yi arba'in.

Malama, wannan ce haihuwarta ta biyar, kuma a ta huɗun ta zubar da jini sosai. Na faɗa wa masu awo? Ban tabbata an rubuta a katin ba, ranar Litinin zan raka ta in faɗa da bakina.

Baba, ranar Juma'a zan je gida in gai da mai unguwa, ba zan ta da zancen komai ba sai famfo, shi ma a keɓe. Mai gyaran da kuka kira daga ina yake, kuma yana zuwa da kayan gyaran ne ko mu za mu sayo daga Sabon Gari?